Gasar Shirye-shiryen Talabijin da Matsayin Wasannin Hausa na Kaduna: Waiwaye a kan Tarihi

1.0 Gabatarwa

A kudancin Kogin Kaduna, idan aka wuce Barnawa da Kakuri aka doshi Sabon Tasha, akwai wata unguwa wadda ake kira Unguwar Talabijin, har ma tana ɗaya daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Kudu. Ba kasafai ake samun unguwa guda ta ɗauki sunan wata na'ura ba, saboda haka sunan nan kaɗai ya isa ya nuna irin shigar da talabijin ya yi wa rayuwar wannan birni tun daga shekarar 1962.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne ta bi tarihin bukukuwan da ake yi shekara-shekara domin ba da lambar yabo ga shirye-shiryen talabijin da suka yi fice, ta kuma duba rabon da wasannin Hausa na Kaduna suka samu a cikinsu. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne cewa harshen da alƙalan gasa suke ji yana da hannu ƙwarai a kan wanda zai ci, kuma yabon da ba a haɗa shi da adana aikin da aka yaba ba, ƙarkonsa kaɗan ne. An zaɓi unguwannin kudancin kogi su zama madubi saboda a can ne aka tara 'yan kallo 'yan ƙabilu daban-daban waɗanda Hausa ce ta haɗa su.

2.0 Yabo da Kyauta kafin Zuwan Gasa

Yabon gwani ya zama dole, in ji Hausawa, kuma tun kafin zuwan Turawa akwai hanyoyin da ake bi a saka wa mai fasaha. Makaɗin fada idan ya burge sarki akan ba shi riga ko doki, wani lokaci har a naɗa shi sarautar makaɗa. Makaɗin jama'a kuwa, da ɗan kama, da mai wasan gauta, a dandali ake sallamarsu, kowa ya miƙa abin da ya sawwaƙa. A duk waɗannan hanyoyi mai ba da kyauta shi ne wanda ya ji ko ya gani da kansa, kuma harshensu ɗaya da mai wasan.

Gasa irin ta zamani, wato wadda ake sanar da ita tun da wuri, a kafa mata ƙa'idoji, a naɗa alƙalai, a kuma jera na ɗaya da na biyu da na uku, ta shigo adabin Hausa ne a shekarar 1933, lokacin da Dokta R. M. East na Hukumar Fassara ta Zariya ya nemi malamai su rubuta ƙagaggun labarai da boko. Daga wannan gasa aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Bayan nan an yi gasar kamfanin NNPC na Zariya wadda littattafanta suka fito a 1980, irin su So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina. Sai kuma gasar Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya wadda ta haifar da Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa da Tsumangiyar Kan Hanya a 1982. Ya kamata a riƙe wannan misali na littattafai, domin za a koma kansa a gaba.

Game da talabijin kuwa, a Amurka aka fara wannan al'ada. An yi bikin farko na kyautar Emmy a birnin Los Angeles ran 25 ga Janairu, 1949, kuma a wannan karo shirye-shiryen da aka yi a yankin birnin kawai aka duba. A Ingila ƙungiyar masu shirya shirye-shiryen talabijin ta fara ba da nata lambobin a 1954, kuma ita ce daga baya ta haɗu da ta masu sinima suka zama abin da aka sani yanzu da BAFTA. A ƙasashen nan biyu 'yan sana'a ne suke zaɓen gwanayensu, kuma alƙali da mai shiri da ɗan kallo duk Ingilishi suke ji. Da al'adar ta iso Nijeriya sai ta tarar da ƙasa mai ɗaruruwan harsuna, inda wannan daidaito ba ya nan.

3.0 Kafuwar Talabijin a Kaduna da 'Yan Kallon Kudancin Kogi

Gwamnatin Jihar Yamma ce ta riga kowa, ta buɗe tashar talabijin a Badun ran 31 ga Oktoba, 1959. Jihar Gabas ta biyo baya a Inugu a watan Oktoba na 1960. A Arewa, gwamnatin Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ta haɗa gwiwa da kamfanonin Granada da EMI na Ingila aka kafa Kamfanin Watsa Labarai na Arewacin Nijeriya, wato BCNN, wanda ya fara aiki a watan Maris na 1962 da rediyo da talabijin. Tashar Gwamnatin Tarayya ta Ikko ba ta fara ba sai a watan Afrilu na wannan shekara. Ko da aka raba Arewa zuwa jihohi shida a 1967, Gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna ya ci gaba da zama na jihohin baki ɗaya.

Ɗakunan shirye-shiryen gidan a arewacin kogi suke, ɓangaren da Turawa suka gina ofisoshin mulki bayan da aka dawo da hedkwatar Arewa daga Zungeru a 1917. Kudancin kogi kuwa wurin ma'aikata ne. A can tashar jirgin ƙasa ta Kaduna Janshin take. A Kakuri aka buɗe masaƙar KTL a 1957, sannan masaƙun Nortex da Arewa da UNTL suka biyo ta a farko da tsakiyar shekarun 1960. An kafa ma'aikatar ƙera makaman soja a 1964, aka kuma fara harhaɗa motocin Fijo a 1975. Waɗannan masana'antu sun jawo dubban mutane daga ko'ina: Gwarawa waɗanda dama su ne mazauna wurin na asali, da Hausawa, da Kaje da Katab da Jaba daga kudancin lardin Zazzau, da Tibi da Idoma da Igala daga yankin Binuwai, da Nufawa da Yarabawa da Ibo. A bakin injin saƙa, da kasuwa, da gidan haya, Hausa ce harshen da ya fi saurin haɗa su.

Ma'aikaci mai albashin wata yana daga cikin waɗanda suka fara iya sayen akwatin talabijin, kuma a wancan zamani akwati ɗaya yakan wadaci gida guda na haya har da maƙwabta, yara a ƙasa manya a kan benci. Wannan shi ya sa shirin da aka yi a arewacin kogi da yamma yakan zama abin hira a Makera da Nasarawa da safe. Mutanen nan ba su da kujera a kwamitin wata gasa, amma abin da suka so shi yake daɗewa ana nunawa.

Babu shirin da ya dace da irin waɗannan 'yan kallo kamar Samanja Mazan Fama, wanda aka fara a Kaduna a farkon shekarun 1970. Mai wasan, Alhaji Usman Baba Pategi, Banufe ne daga gidan sarautar Pategi, ya yi aiki a gidan rediyon Kaduna, ya kuma shiga soja a lokacin yaƙin basasa. Harshen da ya ɗora wa Samanja shi ne Hausar bariki, wadda ake cuɗanya ta da guntayen Turanci da kalmomin fareti. Bahaushen Zazzau yakan yi dariya saboda yadda ake karya masa harshe, shi kuwa Batibin Kakuri yakan yi dariya saboda ya ji irin Hausar da shi da abokan aikinsa suke yi. A gefe guda kuma akwai Alhaji Ƙasimu Yero na Zariya da shirinsa Karambana, wanda daɗinsa yake cikin tsantsar Hausa da habaici da iya zance, da Alhaji Yusufu Ladan mai Zaman Duniya Iyawa Ne, da Umaru Ɗanjuma Katsina wanda aka fi sani da Kasagi.

4.0 Gasa tsakanin Tashoshi

Kafin tsakiyar shekarun 1970 kowace tasha tana ƙarƙashin gwamnatin da ta kafa ta, kuma babu wata inuwa guda da za ta sa a gwada aikin Kaduna da na Badun. Abin ya sake da Dokar Soja mai lamba 24 ta 1977, wadda ta kafa Hukumar Talabijin ta Nijeriya, NTA, ta kuma miƙa mata dukkan tashoshin ƙasar. Daga nan aka raba Gidan Kaduna biyu, talabijin ya koma hannun NTA, rediyo kuma ya shiga Hukumar Rediyon Tarayya. Da tashoshi suka zama 'ya'yan uba ɗaya sai gasa ta yiwu, kuma hukumar tana bukatarta domin ta gano inda gwanaye suke, ta ɗauko su su yi shirye-shiryen da za a nuna wa ƙasa baki ɗaya.

A ƙarshen shekarun 1970 aka yi gasar wasan kwaikwayo tsakanin tashoshin NTA, kuma sakamakonta ya ba mutane mamaki. Ƙaramar tashar Sakkwato, wadda ba ta daɗe da kafuwa ba, ita ce ta zo ta ɗaya da wani wasa mai suna Moment of Truth wanda Peter Igho ya shirya, ta bar manyan tashoshin Ikko da Badun a baya. Wannan nasara ce ta sa aka danƙa wa Igho aikin shirya Cockcrow at Dawn, wanda aka fara nunawa a 1980, aka ɗauke shi a karkarar Jos da kuɗin bankin UBA domin a kwaɗaita wa jama'a noma a zamanin shirin bunƙasa noma na gwamnatin Alhaji Shehu Shagari. A cikin wannan wasa ne sauran 'yan Nijeriya suka san Ƙasimu Yero a matsayin Kawu Gaga, suka kuma san Sadiq Daba a matsayin Bitrus.

A nan akwai darasi biyu. Na farko, gasa tana da amfani na gaske, domin ta buɗe wa tashar da ke nesa da hedkwata ƙofar da ba don ita ba da ta daɗe a rufe. Na biyu, ƙofar ta Turanci ce. Wasan da Sakkwato ta ci da shi da Turanci aka yi shi, haka ma Cockcrow at Dawn. Ƙasimu Yero wanda Kano da Katsina suka sani shi ne na Karambana, amma wanda Ikko da Inugu suka sani shi ne Kawu Gaga mai magana da Turanci. Shi ma Samanja, da aka ɗauke shi zuwa shirye-shiryen ƙasa baki ɗaya a shekarun 1980, sai da aka karkata harshensa zuwa Turancin buroka domin a faɗaɗa masu kallo. Ke nan hanyar ɗaukaka ga ɗan wasan Hausa a wancan lokaci ita ce ya ajiye wani sashe na abin da ya sa aka san shi.

Ba za a ce alƙalai sun yi haka da mugun nufi ba. Alƙalin da ba ya jin Hausa zai iya auna kyan hoto, da tsabtar sauti, da tsarin fitowa, amma ba zai iya auna habaici ko zaurance ko karin maganar da aka juya aka ba ta sabuwar ma'ana ba, alhali kuwa a nan ne ƙarfin wasan Hausa yake. Fassarar da ake rubutawa a ƙasan hoto takan kawo ma'anar magana, amma da wuya ta kawo abin dariyar da ke cikinta.

Tsarin Mulki na 1979 ya sake ba jihohi damar mallakar talabijin, shi ya sa Jihar Kano ta kafa CTV a zamanin Gwamna Abubakar Rimi. Da tashoshi suka yawaita aka riƙa yin Bikin Shirye-shiryen Talabijin na Nijeriya, wanda aka sani da NIFETEP, inda tashoshi suke kawo ayyukansu a gwada. Daga baya Doka mai lamba 38 ta 1992 ta halatta wa 'yan kasuwa buɗe tasha, kuma DITV ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1994, tana cikin sahun farko.

5.0 Zamanin Kamfanoni da Tauraron Ɗan'adam

Daga shekarun 1990 ƙarfin tashoshin gwamnati wajen shirya wasan kwaikwayo ya ragu, sana'ar finafinan bidiyo ta Kano ta karɓe kasuwa, sannan tashoshin tauraron ɗan'adam suka shigo. Da wannan canji sai ragamar ba da lambar yabo ta fita daga hannun hukuma ta koma hannun kamfanoni. Kamfanin MultiChoice ya buɗe tashar Africa Magic ta Hausa a 2010, ya kuma yi bikin farko na kyautar AMVCA a Ikko ran 9 ga Maris, 2013. A wannan biki an raba hukunci gida biyu, wasu rukunoni alƙalai ne suke yankewa, wasu kuma 'yan kallo ne suke jefa ƙuri'a ta waya da intanet.

Daga 2014 aka ware wa ayyukan Hausa rukuni nasu, kamar yadda aka ware wa Yarabanci da Suwahili, daga baya kuma Ibo. A wannan rukuni ne shirin Daɗin Kowa na tashar Arewa24 ya ci a 2016, shekara biyu bayan buɗe tashar. Wannan nasara tana da muhimmanci a tarihin da ake bi a nan, domin Daɗin Kowa wasan talabijin ne mai dogon zango, jikan su Karambana da Samanja, kuma ya karɓi lambarsa ba tare da ya sauya harshe ba. Fim ɗin Mansoor na Ali Nuhu ya ci a 2018, Voiceless kuma a 2022.

Sai dai wannan rukuni bai ɗore ba. A 2024 masu bikin suka sake tsari, suka tattara harsunan gida bisa yankunan nahiya, wato Afirka ta Yamma da ta Gabas da ta Kudu. Ta haka Hausa da Yarabanci da Ibo da sauran harsunan Afirka ta Yamma suka koma neman lamba ɗaya. Jagun Jagun ne ya ci a 2024, Lisabi kuma a 2025, dukansu na Yarabanci. Babu mai musun ingancin waɗannan ayyuka, kuma an kashe musu kuɗi masu yawa. Amma tsohuwar matsalar ta dawo da sabuwar riga, domin idan aka jera ayyuka na harsuna daban-daban a gaban alƙali guda, abin da ido yake gani shi zai rinjayi abin da kunne ne kaɗai yake iya kamawa.

6.0 Abin da Gasa ta Bari a Baya

A nan ne ya kamata a koma kan misalin littattafai. Ladar gasar 1933 ba ta tsaya ga kuɗin da aka ba marubuta ba, an buga littattafan, aka sa su a makarantu, shi ya sa ɗalibin yau yake iya ɗaukar Ruwan Bagaja ya nazarce shi shafi-shafi bayan shekara casa'in. Haka ma littattafan 1980 da na 1982. Gasar talabijin kuwa kofi da takardar shaida take bayarwa, ba ta ɗora wa kowa nauyin ajiye shirin ba.

Yanayin aikin ma ya taimaka wajen asara. A farkon zamani shirye-shirye da yawa kai tsaye ake watsa su, da an gama sun tafi ke nan. Da faifan bidiyo ya zo kuma yana da tsada, daga waje ake sayo shi, saboda haka akan goge tsohon shiri a ɗora sabo a kai. Wannan ba a Nijeriya kaɗai ya faru ba, domin ita kanta BBC ta goge shirye-shiryenta masu yawa na shekarun 1960 da 1970 ta wannan hanya. Zafi da ƙura da laima sun ƙarasa wasu daga cikin faya-fayan da suka tsira, injunan da za su iya karanta su kuma sun daina aiki.

Akwai misali da yake nuna cewa ceto yana yiwuwa. Fim ɗin Shaihu Umar wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 ya daɗe ana zaton ya ɓace, sai aka gano shi a ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, aka gyara shi da taimakon wata cibiya ta Jamus, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Abin da ya cece shi shi ne an ajiye shi a wani wuri, ko da an manta da shi.

Asarar faya-fayan Kaduna ta wuce ta nishaɗi. Kudancin kogi na yau ba shi ne na 1975 ba. Masaƙar KTL ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007, dubban ma'aikata suka watse. Rikice-rikicen Fabrairu 2000 da Nuwamba 2002 sun sa mutane sun yi ƙaura, akasarin Musulmi suka koma arewacin kogi, akasarin Kirista suka koma kudu, har kogin da dā gada ce kawai ake hawa a ƙetare shi ya zama kamar iyaka. Su ma 'yan wasan sun tafi: Ƙasimu Yero ya rasu a watan Satumba na 2017, Usman Baba Pategi kuma a watan Nuwamba na 2023. Ga mai nazarin harshe, faifan Samanja guda ɗaya shaida ce ta yadda Hausar bariki da ta 'yan masana'anta take a bakin masu ita, da karinta da kalmominta na aro. Ga mai nazarin tarihi kuwa, shaida ce ta wani zamani da Musulmi da Kirista suke zama a tsakar gida ɗaya a Kakuri suna yi wa abu ɗaya dariya da harshe ɗaya. Matasan da aka haifa bayan 2000 labari kawai suke ji, kuma gani ya kori ji.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa bikin ba da lambar yabo ya yi wa talabijin a Arewa amfani, domin ya fito da tashar Sakkwato a ƙarshen shekarun 1970, ya kuma ɗaga Daɗin Kowa a 2016. Amma an ga kuma cewa rabon ayyukan Hausa yana hawa da sauka gwargwadon tsarin da masu bikin suka ga dama, kuma ko an ci lambar babu tabbacin aikin zai wanzu.

Saboda haka akwai aiki a gaban sassan nazarin Hausa da na aikin jarida na jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato da Kaduna. Na farko shi ne a bi tashoshi da gidajen tsofaffin ma'aikata a tattara faya-fayan da suka rage, a juye su a kwamfuta, a ajiye kwafi a wurare irin su Gidan Arewa da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, a kuma ɗauki bayanin masu shiryawa da 'yan wasan da suke raye tun ba su bi sahun 'yan'uwansu ba. Na biyu, duk wata gasa da za a shirya wa shirye-shiryen Hausa nan gaba, ya kamata alƙalanta su kasance masu jin harshen, har da waɗanda suka koye shi a kasuwa da masaƙa, sannan a sa a cikin ƙa'idojinta cewa duk shirin da ya shiga gasa sai an ajiye cikakken kwafinsa a inda ɗalibi zai iya zuwa ya gani. Wannan sharaɗi na bugawa da ajiyewa shi ne ya sa har yanzu ake karanta littattafan gasar 1933 a makarantu.